Shin Takura wa Ƙananan Halittu Ne ke Sa Su Tara Mai?

Tambaya: Malam, ina aikin bincikena na digiri na biyu a kan yis da ƙananan gansakuka masu tara mai. Duk inda na karanta sai in ga an ce idan aka takura musu, aka rage musu naitirojin ko aka ƙara musu gishiri ko haske, suna ƙara yin mai. Wasu ma har sinadarin haidurojin feroksaid suke ɗiga musu. Amma ni da na takura wa nawa, man da na samu a ƙarshe bai kai na waɗanda na bari suka sake ba. Matsi yana ƙara mai ne ko rage shi yake yi?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, abin da ka gani a kwalabenka ma gaskiya ne, kuma kada ka ɗauka aikinka ya lalace. Matsi ba ya ƙirƙirar mai. Abin da yake yi shi ne ya toshe wa ƙwayar halitta hanyar girma, sai kabon ɗin da take ci ya nemi wata mafita, a wasu halittun kuma mafitar ita ce mai. To amma halittar da aka hana girma ba ta yawa, wadda aka matsa wa ƙwarai kuma takan koma kashe ƙarfinta wajen kare ranta. A tsakanin waɗannan biyun amsar tambayarka take.

Ba kowace ƙaramar halitta ke da wannan baiwa ba. Masana sun saba kiran halitta "mai tara mai" idan man da ke jikinta ya haura kashi 20 cikin 100 na nauyinta bayan an busar da ita. A cikin yis akwai Yarrowia lipolytica, Rhodotorula toruloides da Lipomyces starkeyi, waɗanda wasunsu kan kai kashi 60 zuwa 70. A cikin fangas akwai Mortierella alpina, wadda ake samar da man ARA (wani nau'in mai na omega-6) da ita don madarar jarirai, da Mucor circinelloides, wadda da ita aka fara fitar da man ƙananan halittu kasuwa a Ingila a shekarar 1985. Sai Schizochytrium mai yin DHA (wani nau'in mai na omega-3), sai gansakuka irin su Chlorella da Nannochloropsis. Yis ɗin burodi kuwa, ko ka cika shi da sukari, ba zai tara maka mai na a zo a gani ba.

Abin da ke faruwa a cikin yis idan naitirojin ya ƙare alhali sukari na nan, Colin Ratledge da abokan aikinsa a Jami'ar Hull suka fayyace shi tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980, kuma ya kamata ka san shi kamar yunwar cikinka. Ƙwayar ba za ta iya yin sabon furotin ko sabon DNA ba tare da naitirojin ba, saboda haka rabuwa biyu ta tsaya. Don ta samo ɗan naitirojin daga cikin jikinta, sai wani inzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai a ƙwaya) ya shiga fasa AMP, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da naitirojin, yana fitar da amoniya. AMP ya yi ƙasa. A mitokondiriyar waɗannan yis ɗin, wato sashen ƙwaya da ke samar da kuzari, akwai inzayim mai sarrafa aisositiret wanda ba ya aiki sai da AMP, sai shi ma ya yi sanyi. Nan take zagayen Krebs, jerin matakan da ƙwaya ke ƙona abinci da su, ya cushe a wannan gaɓar, sitiret, wanda daga shi ake yin aisositiret, ya taru, ya tsallako waje zuwa ruwan ƙwayar. A wajen ne wani inzayim da ake taƙaita sunansa da ACL ke tsaga sitiret ya ba da asetil-CoA, wanda shi ne tubalin da ake gina sarƙar mai da shi. Yis ɗin burodi ba shi da ACL, wannan na cikin dalilan da suka sa aka bar shi a baya. Sarƙoƙin da aka gina sai a ɗaura uku-uku a jikin giliserol, a tara su cikin ɗigon mai a tsakiyar ƙwayar. Idan ka rina ƙwayoyin da rinin Nile red ka leƙa madubin ƙara girma mai hasken kyalli, za ka ga ɗigon suna walƙiya ruwan zinare: a ƙwayar da ke cikin wadata 'yan ƙananan ɗigo ne a warwatse, a wadda ta yi kwanaki ba naitirojin kuwa ɗigo ɗaya ko biyu ne manya sun kusa cinye cikinta duka, sun ture sauran kayan ciki gefe.

Wannan hoton yana burge mutum, kuma shi ne ke yaudarar masu bincike da yawa. Mu ƙaddara kwalba biyu. Ta farko ka bar ta ta sake, ta ba ka giram 20 na busasshiyar halitta a kowace lita, kashi 25 cikin 100 mai ne. Giram 5 ke nan. Ta biyu ka takura mata tun farko, ta tsaya a giram 6 a lita, amma kashi 55 mai ne. Giram 3.3 ke nan. Wanda ya duba kaso kaɗai zai yi shelar cewa matsi ya ninka mai fiye da sau biyu, wanda ya auna abin da ke hannunsa kuma zai ga ya yi asara. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Ba sabon abu ba ne. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta yi shekara 18, daga 1978 zuwa 1996, tana ɗaukar nauyin bincike a kan samar da man dizal daga gansakuka, kuma rahoton da aka fitar a 1998 ya nuna wannan a fili: hana gansakuka abinci yana ƙara kason mai a cikin ƙwaya, amma ba ya ƙara yawan man da ake samu a rana, domin girma ya riga ya tsaya. Duk takardar da ta nuna maka kaso ba ta nuna maka giram a lita da giram a lita a awa ba, rabin labari ta ba ka.

Yanzu ga batun oksijin, inda nake ganin ya fi dacewa mu daɗe.

Duk halittar da ke shaƙar oksijin, ko take fitar da shi, tana da ilektiron da ke gudu a jikin wasu jerin furotin, a mitokondiriya ko a kuloroplas (sashen ƙwaya da ke kama hasken rana). Wasu ilektiron kan zille daga layi su faɗa kan oksijin, sai a sami ɓurɓushin oksijin masu ƙuna, waɗanda ake taƙaitawa da ROS: sufa-oksaid, haidurojin feroksaid, da mafi muninsu, haiduroksil, wanda duk abin da ya taɓa sai ya ɓata shi. A kullum ana yin su kaɗan-kaɗan, ƙwayar tana share su. Inzayim ɗin SOD yana mai da sufa-oksaid feroksaid, katales ya mai da feroksaid ruwa da oksijin, sinadaran gulutatayon da askobet (bitamin C) su kama sauran. Ana cewa an shiga ƙunar oksijin ne idan abin da ake samarwa ya fi ƙarfin masu sharewa. Kusan kowane irin matsi da za ka lissafa, yunwar naitirojin, gishiri, zafi, haske mai tsanani, ƙarafa masu guba, yana biyowa ta wannan ƙofar.

A gansakuka, alaƙar ƙunar oksijin da mai ta fi fitowa sarai. Naitirojin ya ƙare, girma ya tsaya, amma rana ba ta daina haskawa ba. Kuloroplas na ci gaba da tsaga ruwa yana turo ilektiron, ga shi babu inda za a kai su tunda ba a gina sabuwar ƙwaya. Idan aka bar su, kan oksijin za su faɗa. Gina mai kuwa aiki ne mai cin ilektiron da yawa, shi ya sa ma giram ɗaya na mai ke ɗauke da kusan kilokalori 9 alhali na sitaci 4 ne. Saboda haka gansakukar da ke tara mai a lokacin wahala ba ajiyar abinci kaɗai take yi ba, tana zubar da ilektiron ɗin da suka yi mata yawa ne a wuri mai aminci. Akwai wani gwaji da ya gamsar da ni a kan wannan. A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan suka bayyana wani nau'in Chlamydomonas reinhardtii da ya rasa ƙwayar gadon PGD1, wanda hakan ya sa ba ya iya tara mai sosai. Da aka hana shi naitirojin, sai launinsa ya koɗe, alamun ƙunar oksijin suka hau, ƙwayoyin suka riƙa mutuwa. Da aka sa masa sinadarin DCMU, mai toshe gudun ilektiron a kuloroplas, sai ya sami sauƙi. Wato rashin wurin zubar da ilektiron ne ke kashe shi.

Wanda ya taɓa kiwon Haematococcus pluvialis ya ga wannan da idonsa. Tana cikin wadata koriya ce shar, ƙwayoyinta na iyo da 'yan wutsiyoyi biyu. Ka rage naitirojin ka ƙara haske, cikin 'yan kwanaki sai su daina motsi, su dunƙule, su yi kaurin bango, wani jan ɗigo ya fara bayyana a tsakiyar ƙwaya yana faɗaɗa har ruwan kwalbar gaba ɗaya ya koma ja wur. Jan nan astazantin ne, wanda ke kare ƙwayar daga haske da ƙunar oksijin, kuma a cikin ɗigon mai ake ajiye shi, a ɗaure da sarƙoƙin mai. Idan aka hana ta gina mai, astazantin ɗin ma ba ya taruwa yadda ya kamata. A nan mai da kariya tafiyarsu ɗaya.

To me ya sa ba za a ƙara wuta kawai a kwashi mai ba? Dalili biyu ne, kuma na farkon shi ne abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran.

Gina sarƙar mai yana bukatar NADPH, wanda shi ne ke ɗauko ilektiron ya kai wurin gini. Sarƙa ɗaya ta falmitik asid, mai kabon 16, tana cin asetil-CoA 8, ATP (sinadarin kuzarin ƙwaya) 7 da NADPH 14. Mai kabon 18 tana cin NADPH 16. Ka ninka sau uku, ƙwayar mai ɗaya ta haura NADPH 40. A ɗaya ɓangaren kuma, gulutatayon da ya kama feroksaid ba ya komawa bakin aiki sai an farfaɗo da shi da NADPH, haka ma tsarin tayoredoksin, wani mai share ROS ɗin. Ke nan maginin mai da mai kashe gobara daga aljihu ɗaya ake biyansu, kuma idan gobara ta tashi, ƙwayar ba ta shawara, mai kashe gobara take fara sallama. A gansakuka da ke cikin haske ilektiron sun yi yawa, don haka matsalar ba ta cika tsanani da wuri ba. Amma a yis, wanda duk NADPH ɗinsa daga sukarin da ka ba shi yake fitowa, duk abin da ya tafi wajen kariya an cire shi ne daga rabon mai. A Yarrowia, bincike ya nuna a 2015 cewa akasarin NADPH ɗin gina mai daga hanyar fentos fosfet yake zuwa, wadda ke ƙone wani ɓangare na gulukos ɗin ya tafi a iska. Wannan na cikin abin da ya sa, ko da yake lissafi na nuna giram ɗaya na gulukos zai iya ba da kimanin giram 0.32 na mai, a aikace yis da ba a gyara ba da wuya ya wuce 0.20 zuwa 0.22. Ka ga kuskure ne a ɗauki darasin gansakuka a ɗora wa yis kai tsaye. Ɗaya yana fama da yawan ilektiron, ɗaya yana fama da ƙarancinsu.

Dalili na biyu, man da kansa abincin ROS ne. Sarƙar mai da ke da tagwayen ɗauri da yawa tsakanin kabon da kabon a jikinta ita ta fi saurin kamuwa. Oleyik asid, mai tagwayen ɗauri ɗaya, yana da juriya. ARA na da 4, DHA na da 6, waɗannan kuwa da ƙyar suke tsira. Haiduroksil zai fizge haidurojin ɗaya daga sarƙar, oksijin ya maƙale a gurbin, ita kuma ta fizge daga maƙwabciyarta, haka abin zai yi ta yaɗuwa a cikin tantanin ƙwaya. Irin wannan lalacewar ce ke canza warin man da ya daɗe a buɗe. Gutsattsarin da ke fitowa, irin su MDA da 4-HNE, sukan liƙe wa furotin su nakasa shi, har da inzayim ɗin da ke gina man. Abin baƙin cikin shi ne, man da ya fi daraja a kasuwa shi ne farkon wanda matsin ke cinyewa.

Saboda haka ne wasu suka juya tambayar. Maimakon a ƙara ƙuna, me zai faru idan aka ƙarfafa kariya? A 2017 ɗakin binciken Gregory Stephanopoulos a jami'ar MIT ta Amurka ya ƙara wa Yarrowia inzayim masu share ROS da masu kawar da gubar aldihaid (irin su MDA da 4-HNE), kuma man da suka samu ya haura giram 70 a lita, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙwayar. A Schizochytrium ma an ga ƙara askobik asid (bitamin C) a ruwan kiwo yana rage ROS yana ƙara DHA. Idan aka haɗa wannan da rahotannin da ke cewa ɗan feroksaid kaɗan na ƙara mai, za a ga babu karo. ROS kaɗan saƙo ne da ke gaya wa ƙwaya ta canza hanya ta fara ajiya. ROS mai yawa ɓarna ce tsantsa. Tazarar da ke tsakaninsu kuma ƙanƙanuwa ce, tana canzawa daga halitta zuwa halitta, da shekarun ƙwayoyin, da yawansu a kwalba. Adadin feroksaid da ƙwayoyi masu kauri za su shanye da katales ɗinsu cikin mintuna, shi ne zai hallaka waɗanda suke tsarara.

Ra'ayina a kan ɗiga feroksaid: kayan gwaji ne mai kyau don fahimtar yadda ƙwaya ke amsa ƙuna, amma ban ɗauke shi hanyar samar da mai ba. Kuma ka duba ƙarfen ayon da ke cikin ruwan kiwonka kafin ka taɓa shi, domin ayon da feroksaid idan sun haɗu haiduroksil suke haifarwa, abin da ake kira haɗin Fenton. Mutum biyu za su iya sa feroksaid daidai wa daida su sami sakamako mabambanta saboda ayon ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Sauran nau'o'in matsi kowanne da halinsa. Sanyi ya fi canza irin man a kan yawansa: ƙwayar na ƙara tagwayen ɗauri don tantaninta kada ya daskare, shi ya sa masu neman DHA ko ARA kan sauke zafi a ƙarshen kiwo. Gishiri da yawan sukari suna jan ruwa daga ƙwaya, sai ta kare kanta da tara wasu ƙananan sinadarai. Dunaliella salina giliserol take tarawa, Yarrowia kuma eritiritol take yi, kuma duka kabon ne da ya kauce wa hanyar mai. Yarrowia tana da wata ɗabi'a ma da ya kamata ka bincika idan ita kake kiwo: idan yunwar naitirojin ta tsananta, takan zubar da sitirik asid waje a maimakon ta mai da shi mai. Sukari zai ƙare, mai bai ƙaru ba, sai ka auna ruwan ka ga inda ya tafi. Ƙarancin fosfet ko salfet kuma yana iya sa Rhodotorula toruloides ta tara mai ko da naitirojin na nan, wanda ke da amfani idan abincin da kake da shi sharar masana'anta ce mai yawan naitirojin. Idan kuma daga karan amfanin gona ko katako aka tatso sukarin, to akwai sinadarai masu guba, fafural da HMF, a ciki, waɗanda ke tayar da ROS, kuma ƙwayar na amfani da NADPH wajen kashe gubarsu.

Iskar da ake hurawa tana da nata rikici. Mortierella na sanya tagwayen ɗauri ne da inzayim masu bukatar oksijin, don haka idan iska ta yi mata kaɗan ARA zai ragu. Schizochytrium kuwa, kamar yadda aka bayyana a 2001, tana gina DHA ta wata hanya dabam da ba ta bukatar oksijin, har ma kason DHA kan ƙaru idan aka rage iska bayan ta gama girma. Doka ɗaya ba ta hawa kansu duka.

Game da kwalabenka, raba aikin gida biyu. Ka bar ƙwayoyin su girma cikin wadata har su yi kauri, sannan matsi ya shigo. A yis hanya mafi sauƙi ita ce ka tsara abincin yadda naitirojin zai ƙare da kansa alhali sukari na nan. Tara mai kan fara ne idan kabon ya ninka naitirojin fiye da sau 20, masu kiwo da yawa kuma kan kai shi 60 zuwa 100. Wasu ma ba sa yanke naitirojin ɗin gaba ɗaya, sukan riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan don inzayim ɗin ƙwayar su ci gaba da sabuntawa, kuma ina tare da su a wannan. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka haɗa yunwa da gishiri da feroksaid a kwalba guda, ba za ka san wanda ya taimaka da wanda ya cuce ka ba.

Kada ka dogara da Nile red kaɗai, domin shigarsa ƙwaya ya danganta da kaurin bango, bangon kuma na canzawa a lokacin matsi. Ka tatsi man ka auna a sikeli, da hanyar Folch ta 1957 ko ta Bligh da Dyer ta 1959, sannan ka duba ire-iren sarƙoƙin da na'urar GC mai rarrabe sinadarai. Ka auna busasshen nauyi, sukarin da ya rage, naitirojin, sitirik asid da ke cikin ruwa, da MDA, duk a lokaci guda kuma a kai a kai, ba a ranar ƙarshe kaɗai ba. Rinin DCFH-DA da ake auna ROS da shi yana da amfani wajen kwatanta kwalba da kwalba, amma haske kan sa shi kyalli da kansa, saboda haka ka yi aikinsa a duhu kuma ka ajiye kwalbar kwatance da ba a taɓa ba.

Ka kuma lura da lokacin girbi. Da zarar sukari ya ƙare, yis zai juya ya fara cin man da ya tara. A cikin feroksisom, wani ƙaramin sashe na ƙwaya, ake farfasa sarƙoƙin, kuma matakin farko na wannan aikin feroksaid yake fitarwa, don haka mai na raguwa ƙuna na ƙaruwa a lokaci guda. Idan kwalaben da ka takura wa sun cinye sukarinsu kwana ɗaya ko biyu kafin ka girbe su, mai yiwuwa man ya taru ya kuma zube ba ka gani ba. Ka koma kan bayananka ka duba ranar da sukari ya ƙare a kowace kwalba, sannan a gwaji na gaba ka girbe kafin wannan ranar ko ka ƙara musu sukari.